Yadda Ake Bambance Riƙo da Mallaka Kafin Karɓar Gona ko Fili

Duk wanda zai karɓi gona ko fili daga hannun wani, ya fara da neman a faɗi sunan cinikin a gaban shaidu, a kuma rubuta shi, domin a gaban alƙali wannan kalmar ce take raba mai riƙo da mai mallaka.

Idan an ce aro, amfanin gonar kaɗai aka ba ka, kuma mai ita zai karɓi abarsa idan wa'adi ya cika. Haya ma amfani ce, sai dai da kuɗi da lokaci sananne. Jingina kuwa takan kai 'yan'uwa kotu, saboda a al'ada mai kuɗi yakan ci gaba da noma gonar har ranar da aka biya shi, shekaru su ja, shaidu su rasu, 'ya'yansa su taso suna ɗauka gadonsu ce. Gonar jingina tana nan ta mai ita komai daɗewa, magadansa kuma suna da ikon fansarta. Saboda haka a rubuta adadin kuɗin, da iyakokin gonar, da sharaɗin fansa. Malaman Malikiyya ma ba su yarda mai ba da rance ya ci amfanin abin da aka jinginar masa ba, ko da yake al'ada ta saba kau da kai daga wannan.

Sai a lura da hauzi, wato hukuncin dogon riƙo a shari'ar Musulunci. Idan bare ya riƙe wuri shekara 10 yana gini da rushewa kamar nasa, mai wurin yana gari, yana gani, bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, ba a sauraron da'awarsa daga baya. Tsakanin dangi akan kai wa'adin shekara 40. Amma da zarar an tabbatar cewa asalin riƙon aro ne, ko haya, ko jingina, hauzi ya faɗi.

Mai saye a Najeriya kuma ya sani cewa Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Takardar da ake kira shaidar mallaka izinin zama ce, galibi na shekara 99, kuma sayar da filin ko jinginar da shi ga banki yana buƙatar amincewar gwamna. Kafin a biya ko sisi, a je ma'aikatar ƙasa a duba sunan da ke kan fayil.