Yadda Jarumin Shiri Mai Dogon Zango Zai Ɗauki Bidiyon Masoya Da Wayarsa

Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, aka kuma koma kallon shirye-shirye masu dogon zango a talabijin da YouTube, fuskar jarumi tana shiga gidajen mutane duk mako. Amma abin da suke gani shi ne mutumin da marubuci ya ƙirƙira. Wanda ke fitowa a mugun kawu ko wadda ke fitowa a azzalumar kishiya sun san yadda ake yi musu kallon banza a kasuwa ko wurin biki. Gajeren bidiyon da za ka ɗauka a gida shi ne inda masoyi zai ganka da sunanka na yanka, da irin maganarka ta yau da kullum. Don haka kada ka mayar da shi wani ƙaramin fim. Ga yadda ake yi.

Ka fara da tsayar da magana ɗaya tak: amsar tambayar da aka fi yi maka, godiya bayan kammala zango, gaisuwar Sallah, ko yadda kake haddace layukanka. Rubuta kalma uku ko huɗu a takarda don tuni, kada ka rubuta jawabi gaba ɗaya, domin da ka hau karantawa za a ji. Daƙiƙa 30 zuwa 60 sun isa. YouTube Shorts yana karɓar har minti uku, amma samun fili ba shi ne dalilin cika shi ba. Ka yi sallama a taƙaice ka shiga magana, don mai kallo yatsansa na kan allo, ba zai jira doguwar shimfiɗa ba.

Kafin ka ɗauki komai a lokeshan, nemi izinin furodusa ko darakta. Kayan amarya a jikin wadda ba a kai ga aurenta a shirin ba, ko bandeji a kan wani jarumi da ya gifta ta bayanka, sun isa su tona abin da aka yi watanni ana ɓoyewa. Ka kuma tuna cewa ɗabi'ar 'yan masana'anta a kafafen sada zumunta na daga cikin abubuwan da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ke sa wa ido.

Sai sauti, wanda a nan ne akasari ake faɗuwa. Mutum zai jure hoto mai ɗan duhu, amma ba zai jure muryar da ke fitowa kamar daga cikin rijiya ba. A lokeshan akwai mai kula da sauti, a gida kuwa kai ne shi. Kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ka zaɓi ɗakin da ya fi nisa da janareto, ka guji lokacin kiran salla da lokacin da yara ke dawowa daga makaranta. Ɗaki mai labule, kafet da kujerun yadi yana shanye amsa-kuwwa; falo mai tayil da bango fayau shi ke sa murya ta riƙa dawowa. Sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, mai waya ko maras waya, ka maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, wato santimita 15 zuwa 20. Shadda mai sitaci tana ƙara duk lokacin da ka motsa, mayafi ko hijabi kuma idan ya rufe makirfon sai murya ta dushe, ga gogar yadi a kai. A maƙala shi ta waje, a ɓoye wayar makirfon kawai. Ɗauki daƙiƙa goma na gwaji ka saurara da abin kunne kafin ka ci gaba.

Haske kuma ba sai ka kashe kuɗi ba. Fuskanci taga, kada ka ba ta baya, in ba haka ba fuskarka za ta zama inuwa. A waje, hantsi ko bayan La'asar sun fi. Ranar tsaka tana zuba duhu a ƙarƙashin ido da hula. Akwai wata matsala da ta fi damun masu duhun fata: idan ka sa farar riga ko ka tsaya gaban farin bango, kyamara za ta auna haske da farin, ta rage shi, fuska ta ɓace. Maganinta shi ne ka danna kan fuskar a allo ka riƙe har ma'aunin ya kulle, sannan ka ɗan ja shi sama. Idan da dare ne kuma ka ga hoto na ƙyafta-ƙyafta ko wasu layuka na tafiya, laifin ƙwan lantarki ne: wutar Najeriya da Nijar tana gudu ne a kan 50Hz, wayoyi da yawa kuma suna ɗauka a firam 30, wato hoto 30 a kowace daƙiƙa, sai biyun su ƙi daidaituwa. Mayar da shi firam 25 idan wayarka ta ba da dama, ko ka canja fitila.

Goge gilashin kyamara da yadi mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Tsayar da wayar a tsaye, a tsarin 9:16, a kan 1080p. Ba ka buƙatar 4K: minti ɗaya nasa na iya cin kusan ninki uku na wurin ajiya, ga cin data, kuma manhajar za ta matse shi ko ta yaya. Ɗora wayar a kan ƙafa uku ko tarin littattafai daidai tsayin idonka, nisan hannu ɗaya zuwa mita ɗaya. Sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ka. Kyamarar baya ta fi kyau, ta gaba kuma a wasu wayoyin tana juya rubutun da ke jikin riga.

Ga inda sabo da aiki ke cutar ɗan wasa. Shekara da shekaru darakta yana hana ka kallon kyamara, yanzu kuwa dole ka kalli ƙwayar gilashin kai tsaye, ba hotonka da ke allo ba. Manna ɗan guntun takarda kusa da ita don ido ya riƙa komawa can. Sauke murya, rage motsin hannu, ka yi magana kamar da mutum ɗaya da ke zaune gabanka. Ɗauka uku sun wadatar. Daga na huɗu sai ka ji ta fara komawa wasan kwaikwayo.

Wajen tacewa, manhajar CapCut ko InShot sun isa. Yanke shirun farko da na ƙarshe, ka bar ɗan tuntuɓen harshe ko dariyar da ta kuɓuce, don su ne ke nuna ba shiri ba ne. Rubuta maganar a kan hoton da hannunka, saboda da yawa suna kallo ba sauti, kuma rubutun da manhaja ke yi da kanta bai iya Hausa sosai ba. Gboard, manhajar rubutu ta waya, na da allon Hausa mai ƙ, ɗ da ɓ, sai dai ka duba salon rubutun da ka zaɓa, wasu suna nuna akwati a madadinsu. Ajiye rubutun a tsakiya, domin maɓallai suna rufe ƙasa da gefen dama. Kada ka ɗora waƙar wani ba izini, ko da ta shirin da kake ciki ce. Ana iya kashe sautin ko a sauke bidiyon. Idan edita za ka tura wa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil don kada ya dushe.

Kafin ka saka, sake kallo kana duban bayanka kawai: lambar mota, ƙofar gida, tambarin makarantar yara, takardun da ke kan tebur. In a wani wuri ka ɗauka, bari sai ka bar wurin. Idan talla ce aka biya ka, faɗa a fili, ka tabbatar kayan sha ko na shafawa suna da lambar NAFDAC. Hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace a Najeriya kuma tana buƙatar a tantance tallace-tallace har da na kafafen sada zumunta.

Bayan Isha ne mutane suka fi samun sukuni, amma ka duba alƙaluman shafinka. Masoyan Ghana suna bayanmu da awa ɗaya, na Saudiyya suna gaba da awa biyu. Zauna rabin awa kana amsa saƙonnin farko, ka zaɓi tambaya ɗaya ta zama bidiyo na gaba. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a kowane shafi, kuma lokaci-lokaci ka faɗa da bakinka cikin bidiyo sunan shafinka na gaskiya, da cewa ba ka neman kuɗin rajista ko katin waya wurin kowa don a saka shi a fim.