Yadda za ka zagaya unguwar Darbul Ahmar da Lambun Azhar a Alƙahira

Yawancin baƙi suna sauka daga mota a babbar ƙofar Lambun Azhar da ke kan titin Salah Salim, su ɗauki hoto, su juya. A ganina wannan kuskure ne, domin ba a gane darajar lambun sai an fara taka unguwar da ke gindinsa, wato Darbul Ahmar. Saboda haka ka ware yini guda, ka sa takalmi mai sauƙin cirewa tunda za ka shiga masallatai da yawa, ka kuma tanadi canji a aljihu.

Ka fara da hantsi daga Masallacin Azhar, wanda Faɗimiyyawa, masu mulkin Masar a lokacin, suka aza harsashinsa a shekarar 970. A harabarsa za ka ga ɗaliban Indunusiya da Malesiya da Sanagal da Najeriya kowa rungume da littafinsa, kuma wannan cuɗanya ba sabuwa ba ce, domin tun da can akwai ɓangaren da aka keɓe wa ɗaliban Barno. Daga nan ka bi titin Mu'izz ka yi kudu har Ƙofar Zuwaila, wadda aka gina a 1092, inda aka rataye Tuman Bay, sarki na ƙarshe na daular Mamluk ta Masar, a 1517. Idan gwiwarka tana da ƙwari ka hau ɗaya daga cikin hasumiyoyi biyu da ke kanta.

Da ka fita ƙofar za ka fuskanci Kayyamiyya, kasuwar masu ɗinkin tantuna mai rufi a sama. Kada ka yi gaggawa a nan. Ka tsaya ka kalli yadda maɗinki yake zaune ya tanƙwashe ƙafa, yana lanƙwasa bakin ƙyalle da kan allura yana ɗinke shi a kan wani ƙyallen har zane ya fito, aikin da kan ci makonni. Ciniki halal ne, amma tayin wulaƙanci bai dace da irin wannan wahala ba.

Sai ka dawo ka ɗauki titin Darbul Ahmar wanda ya yi gabas, kana kaffa-kaffa da 'yan adaidaita sahu, waɗanda a can ake kira tuktuk. Za ka wuce kafintoci da maƙera da masu sayar da wake da burodi, sannan masallacin Kijmas wanda hotonsa ke jikin takardar kuɗin Masar ta fam 50. Can gaba akwai masallacin Aksunkur na 1347, wanda ake wa laƙabi da Shuɗin Masallaci saboda shuɗayen tayil da aka liƙa masa bayan kimanin shekara 300.

Bayan la'asar ka nufi lambun, ka yanki tikiti. Tudun da za ka hau juji ne a da, inda birnin ya yi kusan shekara 500 yana zubar da shara da ɓaraguzai, har sai da Gidauniyar Aga Khan ta kwashe shi ta mayar da shi lambu mai faɗin hekta 30, aka buɗe a 2005. Garin kwashe jujin ne aka tono ganuwar zamanin Salahuddin Ayyubi, mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, wadda ƙasa ta binne. Ka gangara ka ga inda gidajen unguwar suka jingina da ita.

Ka guji ranar Juma'a da lokutan sallah idan ba ka son cunkoso, domin iyalai kan cika ciyawar da tabarmi da kulolin abinci. Gab da magariba ka nemi wuri a kan tudun ka fuskanci yamma, ta yadda masallacin Muhammad Ali da ke kan Ƙal'a, wato tsohuwar fadar sarakuna mai ganuwa da ke bisa tudu, zai kasance a hagunka, ka jira kiran salla ya tashi daga hasumiyoyin da ka wuce ta gindinsu ɗazu.