Yadda ake kafa turken iyaka da ba zai gusa ba

Tsakanin 1906 da 1908, Manjo O'Shee, injiniyan sojan Birtaniya, da Kyaftin Tilho na Faransa suka kafa turaku 148 daga Kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi, iyakar da ke tsakanin Najeriya da Nijar yau. Da taurari suke gano matsayi a lokacin. Yanzu na'urar tauraron ɗan'adam ke wannan aikin, amma zaunar da turke daidai kan ɗigo yana nan yadda yake.

Kafin a fita daji, a tabbatar da tsarin awon da aka rubuta lambobin wurin da shi. Tsofaffin taswirorin Najeriya kan ma'aunin Minna suke, wato tsarin awon da ya ɗauki wani ɗigo a garin Minna a matsayin tushe, na'ura kuwa WGS84, tsarin awo na duniya baki ɗaya, take bayarwa. In aka cakuɗa su, turke zai faɗi nesa da gomman mitoci, gonar wani ta koma wata ƙasa. GPS na waya ba ya wannan aiki, kuskurensa mitoci ne.

In an samu ɗigon, a buga fegi, amma kada a fara haƙa tukuna, domin haƙa na cinye ɗigon. A kafa fegi huɗu kewaye, kamar mita biyu daga tsakiya, a ja igiya biyu su gitta daidai kansa. Ko an cire igiyoyin, da an mayar da su ɗigon ya dawo.

A haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya, a binne alamar ƙarfe cikin kankare a can ƙasa, don ko an tumɓuke na sama a samu shaida. Kwaɓin kuwa kwanon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, da rodi a ciki. Ruwa in ya yi yawa, kankaren zai yi rauni. Tun yana ɗanye a dasa alamar sama ƙarƙashin mahaɗar igiyoyin, sannan a yi ta jiƙa shi kwana bakwai.

Baƙar lakar yankin Tafkin Chadi tana kumbura da damina, ta tsage da rani, ta karkata turke, don haka can sai a ƙara zurfi da faɗin gindi. Inda rairayi ke tafiya kuwa, a ƙara masa tsayi.

Bayan ya bushe a sake aunawa, a rubuta lambarsa da nisansa daga abubuwa uku na dindindin. Bishiya ba ta cikin lissafi, gatari na iya kwantar da ita. Wakilan ɓangarorin biyu su sa hannu a wurin.