Fetur ko dizal? Yadda zaka zaɓi injin a-kori-kura in jan kaya ne aikinka

Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 tambayar da ake wa dilolin mota ta canza, da can sai kaji ana cewa tana gudu kuwa? yanzu kowa tambayarsa ɗaya ce, tana shan mai? Toh amma wanda zai sayi Hilux ko L200 don ya riƙa jan tankin ruwa zuwa gona, ko janareto, ko injin kwaɓa siminti zuwa wajen gini, shi tambayoyi biyu ne a kansa kuma basa jituwa, yana son injin da zai ja nauyi ba tare da ya galabaita ba kuma yana son wanda bazai ƙarar masa da aljihu a gidan mai ba. Ana iya samun daidaito, amma ba a wajen dila ake fara lissafin ba.

Ka fara da kayan da zaka ja, ba da motar ba. Ka zauna ka auna nauyinsu da gaske, kar kace ai ba wani nauyi bane. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, kenan tankin lita 2000 tan biyu ne cur tun kafin ka haɗa da ƙarfen tirelar da yake zaune a kai. Buhun taki ko siminti kilo 50, buhun masara na kasuwa wajen kilo 100. Sannan ka tambayi kanka sau nawa zaka yi wannan jan, kullum ne ko sau biyu a wata ko sai da kaka kawai, kuma a wace hanya, don wanda yake zirga-zirga tsakanin Kano da Hadejia a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ɗaya yake da wanda zai hau Hawan Kibo da kaya a bayansa ba. In sau uku a shekara zaka ja abu mai nauyi sauran kwanakin duk kai yara makaranta ne da zuwa kasuwa, gaskiya ka sayi injin da ya dace da sauran kwanakin, ranar jan ka ɗauki hayar mota, yafi maka sauƙi nesa ba kusa ba.

Yanzu maganar ƙarfi. Mutane hosfawa suke kallo, ita dila yake faɗa da ƙarfi ma, amma mai jan kaya lambar da ta dame shi ita ce wadda ake rubuta Nm a gabanta, wato ƙarfin murɗawar inji, da kuma a wane juyi injin yake bada wannan ƙarfin. Ka duba Hilux da muka fi sani a Najeriya, mai fetur 2.7, lambar injinta 2TR, hosfawarta wajen 160 ne, Nm ɗinta kuma wajen 245, amma bata bada shi sai allurar rpm ta kusa 4000. Ɗauko mai dizal 2.4 da ta fito daga 2015, wato 2GD, hosfawarta 150 ne kawai, a takarda kamar tafi rauni kenan, amma Nm ɗinta 400 kuma tun daga juyi 1600 take bada shi. Shi yasa in ka ɗaura masu tan biyu kowacce, mai dizal zata tashi a hankali ba hayaniya, mai fetur kuwa sai ka bata wuta sosai kana wasa da kuloci kafin ta motsa, kuma a duk ɗan hawa sai ka sauko giya injin yana kuka. Fetur doki ne, dizal kuma san huɗa, a sukuwa doki zai bar shi amma ka ɗaura masu garma ka gani.

Babbar yayarsu ita ce 2.8, wato 1GD, da ta fito tana bada 450 a mai atomatik, daga 2020 aka ƙara ta koma 500 da hosfawa 204, ita ce a ƙasashe da yawa aka yarda ta ja har kilo 3500. Tsofaffin da ake kira Vigo, na wajen 2005 zuwa 2015, akwai masu dizal 2.5 da 3.0 masu rubutun D-4D, 3.0 ɗin tana bada wajen 343, 2.5 ɗin kuma kala-kala ce, akwai mai 200 akwai mai 260 akwai mai 343, don haka kar wani yace maka ai duk 2.5 ɗaya ce, ka buɗe bonet ka duba ko akwai intakula, wato abin da yake sanyaya iskar turbo. Akwai kuma 5L, dizal mai lita uku marar turbo, bata kai Nm 200 ba, ba ruwanta da sauri, amma tana jure gurɓataccen mai fiye da duk sauran kuma kusan kowane bakanike a ƙauye zai iya buɗe ta. Sai V6 mai fetur 4.0, wannan kam tana ja, Nm wajen 376, kuma tana sha, ba sai an ɓoye ba. Sauran kamfanonin ma haka tsarin yake, Ford Ranger 3.2 mai silinda biyar tana da 470, masu dizal na D-Max 3.0 da Navara 2.5 da L200 duk suna ja tun daga ƙaramin juyi.

Toh in haka ne kowa ya sayi dizal mana a huta? A'a malam, tsaya. A Nijar, inda ba'a rasa gazuwal, wato dizal, da makanikai da suka saba da shi a Maradi ko Damagaram ko Agadez, amsar ta kusa zama eh. A Najeriya lissafin daban ne saboda dizal an daɗe da sakar masa farashi, yawanci yafi fetur tsada a lita, sannan yawancin Hilux ɗin da gwamnati da kamfanoni suka saya suka zuba a kasuwa masu fetur ne, kenan kayan gyaransu ne suka cika kasuwannin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Abin da zaka lissafa shine naira nawa kilomita ɗaya take cinka, ba kuɗin lita ba. Misali kawai, a ce da kayanka a baya mai fetur tana shan lita 18 a kilomita 100 mai dizal kuma 12, ka raba 18 da 12 ya baka ɗaya da rabi, ma'ana ko dizal ya ninka kuɗin fetur sau ɗaya da rabi kunnen doki kuka yi, duk abin da ya gaza haka riba ce ga mai dizal. Kasa naka lambobin da farashin garinku na wannan satin. Sai ka ɗauko bambancin kuɗin sayen motocin biyu ka raba da abin da kake ragewa a kowace kilomita, zaka ga tafiyar da zaka yi kafin dizal ɗin ta biya kanta. Mai yin kilomita dubu talatin a shekara da kaya zai fanshe da wuri, mai yin dubu takwas wataƙila har ya sayar da motar bai fanshe ba.

Kuma lambobin shan mai kar ka karɓa daga bakin dila ko daga allon dashbod. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da mitar tafiya sifili, kayi aikinka yadda ka saba, ka dawo wannan famfon dai ka sake cikawa, litar da ta shiga ka raba da kilomitar da kayi ka ninka da 100. Kayi ɗaya da kaya ɗaya ba kaya. In motar ba taka bace tukuna ka nemi wani mai irinta da yake irin aikinka, direbobin masu haƙa rijiyar burtsatse da 'yan kwangilar gini sun san wannan lissafin fiye da kowa.

Inda dizal na zamani yake cin mutane shine wajen mai. Waɗannan injinan D-4D da GD suna tura mai ta nozul da matsi mai tsananin gaske, ramukan nozul ɗin ƙanana ne sosai, ɗan ruwa ko ƙasa ko kananzir da aka gauraya ya isa ya lalata su, kuma kuɗin nozul huɗu da famfo zai iya cinye duk abin da ka tara na ragin mai. In aikinka a daji ne inda sai 'yan bumburutu da jarka, ko dai ka riƙa ɗaukar manka daga gidan man da ka yarda da shi, ko ka ƙara filta ta biyu mai raba ruwa, ko kawai ka haƙura ka sayi 2.7 mai fetur ko 5L. In fitilar ruwa a filta ta kama a dashbod ka tsaya ka tsiyaye shi, ba abin da ake cewa bari in isa gida bane. Wani abu kuma, motocin da aka shigo dasu daga Turai ta Kwatano, musamman na bayan-bayan nan, suna zuwa da matatar hayaƙi a salansa da ake kira DPF, wasu har da tankin AdBlue, wani ruwa na tsaftace hayaƙi, an yi su ne don dizal mai ƙarancin sulfa da doguwar tafiya, in ka riƙa yawon cikin gari dasu da man da ba tabbas matatar zata toshe motar ta ƙi jan wuta. Ka tambaya wace kasuwa aka yi wa motar kafin ka biya. Injinan 2.5 da 3.0 na Vigo kuma, da ake kira KD, bel ne a taimin ɗinsu, ana canza shi a kilomita 150,000, su GD da 2TR sarƙa ce.

Masu sha'awar na Amurka, Tacoma da Tundra da F-150, kusan duk fetur ne kuma lambobinsu a fam ake rubutawa, ka raba da 2.2 ka samu kilo. Tundra 5.7 V8 zata ja tan huɗu da rabi bata san tayi ba, amma ko ba kaya wajen lita 16 take sha a kilomita 100 a gwajin can ƙasarsu, toh kaga. F-150 mai EcoBoost, wanda Ford ta fara sawa a 2011, ƙaramin inji ne da turbo biyu, ba kaya yana da sauƙin sha, amma da ka ɗaura masa nauyi turbo ya fara aiki sai ya sha kamar V8 ɗin, kuma samun wanda ya iya gyaransa a wajen manyan birane aiki ne. Ni dai ban ga dalilin sayensu ba sai in abin da kake ja ya wuce tan uku a kai a kai.

Abin da mutane suke mantawa shine inji shi kaɗai baya ja, kuma baya tsayar da mota. Wancan kilo 3500 da ake talla dashi na tirela mai birkin kanta ne, marar birki yawanci iyakarta kilo 750, kuma mafi yawan tirelolin da masu walda suke haɗa mana ba birki a jikinsu, ka tuna da wannan ranar da zaka gangaro daga Jos da tan biyu yana turo ka ta baya. Ka buɗe ƙofar direba ka duba farantin da aka manna a jikin ginshiƙi, akwai iyakar nauyin motar a rubuce. Wajen kashi goma cikin ɗari na nauyin tirela ya kamata ya zauna akan ƙugiya, kenan tirelar tan biyu ta ɗora wa bayan motarka kilo 200, ka haɗa da lebura biyar a ciki da buhunan da ka jibga a bodi, mai ƙofa huɗu kuwa abin da take ɗauka duka bai cika wuce tan ɗaya ba. In nauyin ya koma bayan tirela gaban yayi sakayau zata fara lilo da kai a gudu. Tankin ruwa kuma ko ka cika shi ko ka bar shi ba komai, rabin tanki ne yake tangaɗi yana jefa mota a kwana. Ƙugiyar a shasi ake ɗaure ta, ba a bamba ba, dan Allah.

Giya ma tana cikin lissafin. Manuwal tafi sauƙin gyara amma jan nauyi a go-sulo yana cin kuloci, musamman a mai fetur. Atomatik tafi daɗin tashi da kaya, matsalarta zafi, a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri da rana ta haura digiri 40 man giya yana dahuwa, don haka kasa a duba ko akwai kular man giya, in babu a ƙara, ba tsada gareta ba in ka kwatanta da giyabos. Da kaya kar ka barta tana neman giyar sama tana dawowa, ka riƙe ta a huɗu. In mai fowil ce, wajen tashi a yashi ko fitowa daga fadama kasa 4L, wato ƙaramar giyar fowil mai ƙarfin ja, shi aka yi don haka, amma ka cire kafin ka hau kwalta. Masu aiki a tudu irin Jos ko Mambila su sani inji marar turbo yana rasa wajen kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau saboda iska tayi ƙaranci, a Jos kenan an zabge maka fiye da kashi goma, turbo kuwa yana cike mafi yawan giɓin. Gudu kuma shine babban ɓarawon mai, turjiyar iska ninkuwa take ba ƙaruwa kaɗan-kaɗan ba, saukowa daga 110 zuwa 80 da tirela a baya zai rage maka sha sosai kuma zaka gani a famfo tun zuwan farko.

Ranar da zaka je ganin motar kaje da sassafe kafin a tayar da ita, ka taɓa injin kaji da sanyi, don dizal mai matsalar nozul a tashin farko yake tona kansa, zaka ji ƙwanƙwasa ko kaga farin hayaƙi da ya ƙi ɗaukewa. Injin yana aiki ka kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ba tare da ka ɗaure ba, in yana tsalle hayaƙi yana bugowa da ƙarfi ringi sun fara gajiya. Ka duba ruwan lagireto ko akwai maiƙo, kasa a jona kwamfuta a karanta nozul ɗaya bayan ɗaya, sannan ka roƙi mai motar ku zuba buhu goma na siminti a baya ku nemi hawa mafi kusa, ka kunna AC, idonka akan allurar zafi har ku kai sama.