Kurakuran da muke yi da esin mota, tun daga "a ƙara min gas" har a kai ga kashe kwamfreso

Da zarar zafi ya kama, wajen Maris zuwa Afrilu lokacin da su Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, zaka ga motoci sun yi layi a wajen masu gyaran esi kuma kusan kowa maganarsa ɗaya ce, "malam gas ɗina ya ƙare a ƙara min". Toh dan Allah mu tsaya a nan tukuna domin wannan maganar ita ce uwar sauran kurakuran. Gas ɗin esi ba fetur bane da ake ƙonawa, zagayawa kawai yake yi a cikin rufaffen layi, in ya ragu sosai cikin wata ɗaya ko biyu to akwai inda yake yoyo, kuma in baka nemo wajen ba ko sau nawa ka ƙara zai sake fita.

Ga yadda zagayen yake a taƙaice domin sai ka san hanyar kafin ka gane inda ake kuskure. Kwamfreso, wanda fambel ɗin inji ke juyawa, shi ke matse gas ɗin ya yi zafi sosai ya tura shi kwandensa, wato wancan mai kama da lagireto da ke gabansa, a nan iska da fanka ke huce shi ya koma ruwa. Daga nan ya bi ta draya, ita ke tace datti ta kuma tsotse danshi, sai ya isa bawul mai 'yar ƙaramar kafa inda ƙarfinsa ke faɗuwa lokaci guda, ya shiga ebapreta da ke ɓoye a cikin dashbod ya tafasa ya koma gas yana kwashe zafin cikin mota, bulowa kuma ta huro maka sanyin. Sai ya koma kwamfreso a sake. Wasu motocin, musamman na Amurka irin su Ford da Chevrolet na da, maimakon bawul wani siririn bututu suke da shi mai kafa ɗaya, tankin tsotse danshin nasu kuma yana bayan ebapreta ne, amma aikin duk ɗaya ne.

Neman yoyo ba wani abu ne mai wuya ba, haƙuri kawai yake so. Gas ɗin yana tafiya ne tare da mai, don haka duk inda ka ga maiƙo ya kama ƙura a jikin tiyo ko mahaɗa ko gefen kwandensa to ka fara zargin wajen. Robobin mahaɗa su suka fi yawan lalacewa kuma su ne mafi araha, sai bakin da ake ɗura gas, sai kwandensa da tsakuwa ke buga wa a hanya. In ba a gani da ido ba sai a cika layin da naitirojin a bi da ruwan kumfa, ko a zuba kalar nan da ke haske in an haska mata fitila ta musamman. Abin da nake roƙon kowa da girman Allah shi ne kada ka bari a gwada maka layi da oksijin na mai walda, akwai mai a ciki, oksijin mai ƙarfi in ya haɗu da mai yana iya fashewa ya raunata mutum, wannan ba maganar asarar kuɗi bace maganar rai ce. Iskar mai faci ma kada a sa, cike take da danshi.

Danshin nan shi ne kuskure na gaba, kuma wallahi shi yafi yi mana ɓarna a ɓoye. An buɗe layi an canja tiyo ko kwandensa, sai kawai a ɗaure a ɗura gas, ko a ɗan saki gas kaɗan wai a kore iska da shi. Wannan baya fitar da danshi. Dole a haɗa famfon da ke zuƙe iska a barshi ya yi aiki aƙalla minti 30, in layin ya jima a buɗe a kai 45 ko awa, sannan a rufe a tsaya a kalli allurar geji, wato agogon auna ƙarfin da ke cikin layi, na wasu mintuna, in ta motsa to har yanzu akwai yoyo. In aka bar danshi, yana zuwa bakin bawul ya daskare ya toshe hanya, shi ne zaka ji esi ya yi sanyi minti goma ya ɗauke, ka kashe ka kunna ya dawo, sai a ce maka matsalar wuta ce a yi ta canja rile da fiyus a banza. Kuma da daɗewa danshin da man kwamfreso suna zama asid su ci ƙarfen daga ciki. Shi yasa duk lokacin da aka buɗe layi don babban aiki a canja draya, ba ta da tsada in aka kwatanta da abin da take karewa, kuma sabuwar kada a cire mata murfi sai lokacin ɗaurawa.

Sai maganar yawan gas. Da yawanmu mun ɗauka in an ƙara da yawa sanyin zai ƙaru, har wani ya ce a ƙara masa gwangwani ɗaya "don ya yi ƙarfi". Gas in ya wuce kima ƙarfin ɓangaren sama, wato layin da ya taso daga kwamfreso zuwa bawul, ke hawa, kwamfreso ya yi ta kamawa yana saki, inji ya yi nauyi, sanyin ma ya ragu. Ɗaga bonet ka duba, akwai 'yar takarda da kamfani ya manna da ke faɗin irin gas da nauyinsa, yawancin ƙananan motoci tsakanin giram 400 ne zuwa 700, kuma da sikeli ake auna shi, taɓa bututu da hannu a ce ya yi ba awo bane. Geji kuma yana da abin da yake faɗa wa wanda ya iya karanta shi. In duk ɓangarorin biyu, na sama da kuma na ƙasa wanda ke dawowa daga ebapreta zuwa kwamfreso, sun yi ƙasa gas ne ya yi kaɗan, in na sama ya hau fiye da kima a duba fanka ko kwandensa ko an cika gas da yawa, in na ƙasa ya hau na sama kuma ya kasa tashi kwamfreso ne ya gaji, in na ƙasa ya faɗi har ƙasa da sifili to akwai toshewa a bawul ko draya. Mai gyaran da ya haɗa geji ɓangare ɗaya kawai rabin labarin yake gani.

Irin gas ɗin ma a kula. Tsofaffin motoci R12 suke sha, daga wajen 1994 aka koma R134a wanda shi ne a yawancin motocin da ke kan titunanmu, sababbin na Turai kuma daga 2017 yawancinsu R1234yf ne, shi yasa bakin ɗurawarsu ya bambanta don kada a gauraya. R22 na esin gida ne, ƙarfinsa ya fi na mota, yana wahalar da tiyo da robobi. R600a na firji ne kuma yana kama wuta, ka tuna ebapreta a cikin ɗakin mota take inda iyalinka ke zaune. In an ce maka ga wani mai araha ka ce a nuna maka jikin silindar. Haka man kwamfreso, na R134a daban ne, kuma masu mota mai haɗin batir da fetur irin Prius ko Camry haibirid su sani kwamfresonsu na lantarki ne, yana da nasa man na musamman wanda wutar lantarki bata bi ta cikinsa, in aka zuba masa na gama-gari ana iya lalata shi har motar ta fara nuna matsala.

Yanzu ga inda kuɗi suka fi zubewa. Kwamfreso ya mutu, an je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka an samo wani, sabo ko na Beljiyam, an ɗaura, bayan sati uku shi ma ya tafi, sai a ce ai kayan ne ba kyau. Sau da yawa ba laifin kayan bane. Lokacin da na farkon ya lalace ya niƙe kansa ya watsa garin ƙarfe cikin layi gaba ɗaya, in ka zuba mansa a farin ƙyalle zaka ganshi baƙi ko yana ƙyalli, wannan garin shi ke dawowa ya cinye sabon. Gyaran gaskiya shi ne a wanke bututai da ebapreta da ruwan wankin da aka yi don haka, a canja draya da bawul, kwandensa kuma in irin ta zamani ce mai siraran hanyoyi ba ta wankuwa sai dai a canja ta, na san da ciwo a aljihu amma ya fi sayen kwamfreso sau biyu. A kuma auna man da ke cikin sabon kafin a ɗaura, a juya shi da hannu wasu zagaye don man ya ratsa, kada kuma a kifa gwangwani a tura masa ruwan gas kai tsaye ta ɓangaren ƙasa yana aiki, ruwa baya matsuwa, zai fasa masa ciki.

Wani abin da ke ɓata min rai shi ne haɗa kulocin kwamfreso, wato abin da ke sa shi ya kama ko ya saki, kai tsaye. Esi ya ƙi kamawa saboda makunnin da ke lura da ƙarfin gas ya hana, sai a tsallake shi da waya a ce an gyara. Makunnin nan aikinsa kenan, ya ga gas ya yi kaɗan ko ƙarfi ya yi yawa ya tsayar da kwamfreso kafin ya ƙone, tunda in ba gas mai ma baya zagayowa. A nemo dalilin da yasa ya hana.

Akwai kuma waɗanda ba su da alaƙa da gas ko kaɗan amma ake ɗora masa. In esi yana sanyi a kan babban titi amma ya ɗauke a go-sulo, fara da fanka, ka tabbata tana juyawa da ƙarfi, sannan ka duba kwandensa ko ƙurar hunturu da ledoji sun toshe ta, a wanke ta da ruwa a hankali, kada yaran wankin mota su matso mata da injin feshi har ya lanƙwasa siraran ganyenta. In iskar ce ke fitowa kaɗan kaɗan, ciro filtar da ke bayan akwatin gaban fasinja, wasu tun da aka shigo da motar ba a taɓa canja ta ba. Ruwa a ƙasan ƙafar fasinja da warin ruma kuwa bututun da ke zubar da ruwan ebapreta ne ya toshe, a zura waya mai laushi daga ƙasa a buɗe shi. Lokacin sanyi kuma kada ka kulle esi wata uku cur, ka riƙa kunna shi ko minti goma a sati domin mai ya zagaya ya jiƙa robobin, in sun bushe ta nan yoyon ke farawa.