Darasi na 9: Furfura tun da ƙuruciya

Mai aski a bakin Tsohuwar Kasuwa ta Sakkwato ya dafa kan wani saurayi, ya kashe kilifa ya ce, "Malam, hurhura ta fara leƙowa fa." Saurayin bai kai talatin ba. Ya karɓi madubi ya yi shiru.

Baƙin gashi yana fitowa ne daga wani sinadari, melanin, da saiwar gashi ke samarwa. Idan saiwar ta daina, sabon gashi sai ya tsiro fari. A wajen baƙar fata, likitoci suna cewa furfura ta yi wuri idan ta bayyana kafin shekara 30.

Yawancinta gado ce. Ka tambayi Baba ko Inna yaushe tasu ta fara. Idan a gida take, garin maganin da ake talla da lasifika a tasha ba zai hana ta ba. Ka riƙe kuɗinka.

Wadda ya kamata a kula da ita ita ce mai zuwa da rakiya: kasala, jiri, ɗashewar tafin hannu, jin kamar kiyashi na tafiya a ƙafa. Wannan kan nuna ƙarancin jini ko ƙarancin bitamin B12. Shi B12 daga abincin dabba ake samunsa: nono, kindirmo, ƙwai, hanta, kifi. Mai fura a bakin titi ta fi mai lasifika amfani a nan. Wake da zogale suna ba da ƙarfen jini, sai dai shayi mai kauri nan take bayan cin abinci yana rage shigarsa jiki. A jinkirta kamar awa ɗaya. Ciwon ƙullin maƙogwaro, wanda kan jawo maƙoƙo, shi ma yana kawo furfura. Haka sigari da yawan damuwa. Gwajin jini a asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shi ke bambance ko ƙarancin jini ne, ko na B12, ko ciwon ƙullin maƙogwaro.

Tsige furfura ba ya sa ta ninka, amma yana raunata saiwa. Mai son rufe ta, lalle ya fi sauƙi ga fata. Baƙin dayis kuwa yakan sa wasu ƙaiƙayi da kumburin fuska. A ɗan shafa kaɗan bayan kunne, a jira kwana 2 kafin a sa a kai.