Babi na 7: Fitilar Kabewa da Labarin Dawakin Daji

Darasi na 1: Kafin a ɗauki wuƙa

Jama'a, wannan babi aikin hannu ne. Ku karanta layi ɗaya, ku ajiye littafi, ku yi abin da layin ya ce, sannan ku dawo. Wanda karatu ya yi wa nauyi ya sa yatsa a ƙarƙashin kalma. Ba abin kunya ba ne.

A Amurka, ranar 31 ga Oktoba, wato rana ta ƙarshe a wata na goma, ana bikin Halowin. Mutane suna fafe kabewa, su huda mata ido da baki, su kunna kyandir a ciki, su ajiye a ƙofar gida. Al'adar daga ƙasar Ayalan ta fito. Can wata saiwa mai tauri suke fafewa. Da cutar dankali ta jawo musu yunwa daga 1845, da yawansu suka yi hijira zuwa Amurka, suka tarar da kabewa, ga girma ga sauƙin yanka. Bikin ba namu ba ne. Mu abin da muke so shi ne koyon bin umarni a rubuce. Wanda ba ya son fuska ya yi tauraro.

Ku tanadi kabewa mai zama daram a ƙasa, ƙaramar wuƙa mai kaifi, cokalin ƙarfe, gawayi, kwano da guntun kyandir.

Darasi na 2: Yanka murfi

A nan ne kusan kowa yake faɗuwa, don haka mu tafi a hankali. Ɗauki gawayi, ka zana da'ira kewaye da karan da ke kan kabewar. Faɗinta ya isa hannunka ya shiga ya fita. Yanzu ka karkata wuƙa. Tsinin wuƙa ya dubi tsakiyar kabewa, ƙotar ta jingina waje, wajenka. Kada ka soka ta a tsaye.

Me ya sa? Idan ka yanka a tsaye, murfin zai zurma ciki, domin ba shi da abin da zai zauna a kai. Idan ka yanka a karkace, samansa ya fi ƙasansa faɗi, sai ya zauna kamar murfin tukunya.

Sake karantawa: a karkace. Tsini ciki, ƙota waje. Ka yi ɗan yanka, ka tsaya, ka duba hannunka. Wuƙar ta miƙe? Sau da yawa mutum yana farawa daidai, da ya kai rabi hannu ya gaji, sai wuƙa ta koma tsaye bai sani ba. Ka juya kabewar, kada ka juya jikinka. Sake karkatawa. Sannu a hankali, kana iyawa, Baba. Inna, ke ma haka, hannun da ya saba fafe ƙwarya ba zai gagara a nan ba.

Amma fa ina ganinku. Ana cewa a karkace, wani yana hira, wani ya riga ya tsallaka shafi na gaba. In murfi ya faɗa ciki sai a ce kabewar ce ba ta da kyau. Kabewa ba ta da laifi. Wanda bai karanta layin ba shi ne mai laifi. A karkace!

Kafin ka cire murfin, ka ja layin gawayi daga kansa zuwa jikin kabewar, don ka gane yadda zai koma.

Darasi na 3: Fafewa da hudawa

Kwashe 'ya'yan da cokali zuwa kwano. Kada a zubar, a shanya a soya. Kankare ciki har bangon ya rage kaurin yatsa biyu. Zana fuska ko tauraro da gawayi, ka yanka kaɗan-kaɗan, ɗaya hannun yana nesa da bakin wuƙa. Guntayen da suka fito na miyar taushe ne. Huda ƙaramin rami a murfi don hayaƙi. Ba a barin kyandir da yara, ba a ajiye shi kusa da zana. Fitilar kwana kaɗan take yi ta ruɓe.

Darasi na 4: Karatu, dawakin daji

Kabewa 'yar asalin nahiyar Amurka ce. Doki kuwa ya ƙare a can kimanin shekara 10,000 da suka wuce, sai Sifaniyawa suka sake kai shi a jirgin ruwa. Kolumbus, jagoran jiragen ruwan Sifaniya, ya kai dawaki tsibiran Karebiyan a 1493, Kotes, wani jagoran sojan Sifaniya, ya sauka Meziko da doki 16 a 1519. Daga baya wasu dawakin suka tsinke, wasu aka sake su, suka hayayyafa a filayen yammacin Amurka. Su ake kira mustan. A 1971 Amurka ta yi dokar kare su. Ku lura, kakanninsu na gida ne.

Darasi na 5

A ƙasar Mongoliya da ke nahiyar Asiya kuwa akwai dokin daji da ake kira taki, gajere mai gashin wuya a tsaye. An daina ganinsa a daji bayan 1969, aka mayar da shi daga gidajen namun daji a 1992.

Darasi na 6

Ku kwafi shekarun da ke darasi na 4 da na 5 a littafin rubutu. A zo da kabewa ranar aji.